Zafi da iyakar wutar lantarki a taransibar jan ƙarfe

Taransibar jan ƙarfe wata ƙaramar na'ura ce da ake cusawa a gurbin SFP ko SFP+ na suwic, wato akwatin da ke haɗa kwamfutoci wuri guda yana rarraba bayanai a tsakaninsu, domin a samu damar jona masa kebul ɗin Ethernet na yau da kullum mai kan RJ45. Da kaɗan ta fi ɗan yatsa girma. Ta ciki tana magana da suwic da siginar da gurbin ya sani, ta waje kuma tana tura bayanai a kan wayoyin jan ƙarfe guda takwas da aka murɗa biyu-biyu. Wadda ke aiki da gudun gigabit 1 a daƙiƙa ba ta cika kawo matsala ba. Wadda ke aiki da gigabit 10, a ƙa'idar 10GBASE-T, ita ce aka sani da cin wuta da ɗaukar zafi fiye da duk wani abin da aka saba sakawa a wannan gurbi. Dalili kuwa shi ne an tsara gurbin ne domin taransibar faiba mai cin wat ɗaya ko ƙasa da haka, ita kuma ta jan ƙarfe takan nemi wat 2.5 ko fiye. Daga wannan giɓi ne dokokin amfani da ita suka samo asali: taƙaita tsawon kebul zuwa mita 30, ƙayyade adadin da za a iya sakawa a suwic ɗaya, da barin tazara tsakanin wannan da waccan.

Gurbin SFP da kason wutarsa

Kamfanonin ƙera kayan sadarwa ne suka haɗu suka amince da siffar SFP, kuma an fitar da takardar bayaninta mai lamba INF-8074i a shekarar 2001. Faɗin taransibar milimita 13.4 ne, kaurinta 8.5, tsawonta kuma 56.5. Manufar ita ce a jera ƙofofi masu yawa a fuskar suwic ɗaya, har 48 a akwati mai hawa guda. Da aka zo ga gudun gigabit 10 sai aka fitar da SFP+ a takardar SFF-8431, wadda ta fara fitowa a 2006, ba tare da an canza girman ba. Gudu ya ninka sau goma, jiki kuwa yana nan yadda yake.

Gurbin yana ba taransiba wuta mai ƙarfin bolt 3.3. SFF-8431 ta kasa cin wuta mataki biyu: mataki na ɗaya har zuwa wat 1.0, mataki na biyu har zuwa wat 1.5. Daga baya takardar SFF-8419 ta ƙara mataki na uku, har zuwa wat 2.0. Tsarin da aka shimfiɗa shi ne taransiba ta tashi a mataki na ɗaya idan aka cusa ta, suwic ya karanta bayanan da ke ajiye a cikinta, idan ya ga zai iya ɗaukar nauyinta sai ya ba ta izinin hawa mataki na gaba. A manhajar Linux ma haka abin yake: idan mai ƙera allon na'ura bai bayyana iyakar gurbinsa ba, ana ɗaukar wat 1 ne, kuma taransibar da ta bayyana cewa tana buƙatar fiye da abin da gurbin ke iyawa ba a ba ta izinin hawa matakin da ta nema.

Wannan kaso ya wadaci abubuwan da aka yi gurbin dominsu. Taransibar faiba ta gajeren zango, 10GBASE-SR, ba ta cika kaiwa wat ɗaya ba. Ta kilomita 10, wato 10GBASE-LR, tana nan wajen wat ɗaya. Kebul ɗin DAC, wanda ake sayar da shi da kawunan SFP+ a haɗe da shi kuma babu na'urar sarrafa sigina a cikinsa, abin da yake ci bai taka kara ya karya ba, wajen kashi ɗaya cikin goma na wat. Taransibar jan ƙarfe ta gigabit 1 ma wajen wat ɗaya take ci. Ta gigabit 10 ce kaɗai ta zarce dukkan matakai ukun.

Abin da ke cinye wutar

Hukumar IEEE ta amince da ƙa'idar 10GBASE-T a 2006 da lamba 802.3an. Ƙa'idar ta nemi a kai gigabit 10 har nisan mita 100 a kan kebul ɗin Cat6A, ko mita 55 a kan Cat6 idan yanayi ya yi kyau. Wannan ba ƙaramin buri ba ne, domin wayar jan ƙarfe da aka murɗa ba a yi ta don irin wannan gudu ba tun asali.

Kowane ɗaya daga cikin tagwayen wayoyi huɗu yana ɗaukar gigabit 2.5 a daƙiƙa, kuma yana aikawa yana karɓa a lokaci guda. Ana tura alamomi miliyan 800 a daƙiƙa a kan kowane tagwaye, kowace alama tana iya zama ɗaya daga cikin matakan ƙarfin lantarki 16. Tazarar da ke tsakanin matakan ƙarama ce ƙwarai, kuma kafin sigina ta kai ƙarshen dogon kebul ta riga ta raunana. A daidai wannan wuri mai karɓa yake fama da hayaniya iri-iri. Akwai amsa-kuwwar abin da shi kansa yake aikawa a kan wannan waya. Akwai kutsen sigina daga sauran tagwaye uku na kusa da shi, da wanda ya taso daga ɗaya ƙarshen. Akwai kuma wanda ke shigowa daga wasu kebul da aka ɗaure tare a dami ɗaya, wanda shi ba a iya lissafa shi a cire, sai dai a rage shi ta hanyar ingancin kebul.

Don haka guntun lantarkin da ke cikin taransibar yana mayar da siginar kowace waya zuwa lambobi ɗaruruwan miliyoyin sau a daƙiƙa, ya lissafa amsa-kuwwa da kutse ya cire su, ya gyara lanƙwasar da kebul ya yi wa siginar, sannan ya warware lambar gyaran kuskure da ake kira LDPC, wadda ake maimaita lissafinta sau da yawa a kan kowane dunƙulen bayani. Ba ya hutawa muddin layin na haɗe. Taransibar faiba ba ta da irin wannan aiki: leza ce da ake kunnawa ana ragewa, da ƙwayar da ke ganin haske, da ɗan abin ƙara ƙarfin sigina. Wannan lissafi ne kuma ke jawo jinkiri. 10GBASE-T kan ƙara wajen maikorodaƙiƙa 2 zuwa 3 a kowane zango, alhali DAC da faiba ba sa kaiwa rabin maikorodaƙiƙa.

Kusan duk wutar da guntun ya ci zafi take komawa. Ba kamar kwan fitila ko injin niƙa ba ne da wani ɓangare ke fita a matsayin haske ko motsi. Abin da ke bin waya ya fita ɗan kaɗan ne. Idan aka ce taransiba na cin wat 2.5, to ana nufin akwai murhu mai wat 2.5 a cikin ƙarfen da bai kai kwalin ashana girma ba.

Dalilin mita 30

Guntayen 10GBASE-T na farko suna cin wajen wat 10 a kowace ƙofa, abin da ya sa shekaru da dama ba a ma tunanin saka su a gurbin SFP+. Duk lokacin da masana'antu suka ƙara ƙanƙantar da taransisto, daga nanomita 65 zuwa 40 zuwa 28, cin wutar yana sauka. Sai wajen 2016 ne taransibar SFP+ ta 10GBASE-T ta fara yaɗuwa a kasuwa, shekara goma bayan fitowar ƙa'idar, kuma ko a lokacin sai da aka yi sassauci. Ƙa'idar 802.3an ta tanadi yanayin gajeren zango na mita 30, inda kebul bai raunana sigina sosai ba kuma lissafin da ake buƙata ya ragu. A kan wannan zango aka tsayar da taransibar, aka samu ta sauko zuwa wajen wat 2.5. Ke nan mita 30 ɗin da ake gani a jikin kwali ba iyakar kebul ba ce, iyakar wuta da zafi ce. Kebul ɗin Cat6A ɗin nan da taransiba ta kasa kaiwa ƙarshensa, suwic mai ƙofofin RJ45 na asali zai kai gigabit 10 a kansa har mita 100.

Guntun 88X3310 na kamfanin Marvell yana cikin waɗanda aka fi samu a taransibobin wancan zamani, tare da na kamfanin Aquantia, wanda Marvell ta saya a 2019. Na baya-bayan nan, kamar masu guntun BCM84891 na Broadcom, suna cin wajen wat 2 ko ƙasa da haka, kuma ana sayar da su a kan zangon mita 80 ko 100. Sun rage matsalar sosai, amma har yanzu sun ninka taransibar faiba.

Iyaka biyu da ake yawan haɗawa

Akan yi maganar iyakar wuta da iyakar zafi kamar abu ɗaya ne, amma kowacce da inda take cizo.

Iyakar wuta lissafi ne na abin da suwic zai iya bayarwa. A bolt 3.3, taransiba mai wat 1 tana jan amfiya 0.3, mai wat 2.5 kuma wajen amfiya 0.76. Kowane gurbi yana da ƙananan kayan tace wuta da aka zaɓa daidai da nauyin da ake sa rai, kuma gurabe da yawa sukan sha daga mai daidaita wuta guda ɗaya. Suwic mai ƙofa 48 da aka tsara a kan wat 1.5 kowace ƙofa ya tanadi wat 72 ke nan. A cika shi da taransibar jan ƙarfe, buƙata ta koma wat 120. Ɗaya ko biyu ba sa girgiza wannan lissafi, domin ba kasafai ake cinye dukkan kason ba, amma a wani adadi wutar za ta faɗi ƙasa da yadda ake so, kuma ba taransibar jan ƙarfe kaɗai abin zai shafa ba, har maƙwabtanta da ke shan wuta a layi ɗaya.

Iyakar zafi kuwa ta fi saurin bayyana, kuma ita ta fi damun ƙananan suwic. Taransiba ba ta da fanka. Zafi yana fita ne daga guntun zuwa gangar jikinta ta ƙarfe, daga nan zuwa kejin da ke riƙe da ita, sannan zuwa iska. A wasu suwic akwai ƙarfen zuƙe zafi mai haƙora da ke zaune a kan keji yana taɓa taransibar ta wata taga. A wasu babu. Inda aka ɗora gurabe hawa biyu, na ƙasa sau da yawa ba ya samun wannan ƙarfe, zafinsa kuma yana hawa ya tarar da na sama. Kan RJ45 ma ya fi na faiba kauri, yana fitowa waje ya tare ƙananan ramukan shan iska da ke fuskar suwic.

Yawancin taransibobin kasuwa an yi su ne domin gangar jikinsu ta kasance tsakanin digiri 0 da 70 a ma'aunin Salshiyas. Na masana'antu suna jure daga digiri 40 ƙasa da sifili zuwa 85. Hanyar ƙiyasi mai sauƙi ce: zafin jikin taransiba shi ne zafin iskar da ke kewaye da ita, a ƙara da wat ɗin da take ci sau adadin digirin da kowane wat ke ɗaga ta a wannan gurbi. A ɗauka, don misali kawai, gurbi ne da kowane wat ke ɗaga zafi da digiri 15. Taransibar faiba mai wat 0.8 za ta ɗara iska da digiri 12. Ta jan ƙarfe mai wat 2.5 za ta ɗara ta da digiri 37.5. A ɗaki mai digiri 25 za ta tsaya wajen 62, tana cikin iyaka. A ɗaki mai digiri 35 ta haura 72, ta wuce. Idan aka saka wata a gurbin da ke manne da ita, keji ɗaya suke ɗumamawa, sai kowacce ta rasa inda za ta zubar da zafinta. Wani abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne taransisto yana ƙara yoyon wuta idan ya yi zafi, don haka taransibar da ta ɗumama takan ƙara cin wuta kaɗan, ta sake ɗumama.

Hanyar da iska ke bi a cikin suwic tana da tasiri. A cibiyoyin adana bayanai ana sayar da suwic iri biyu: wanda ke shaƙar iska ta wajen ƙofofi, da wanda ke fitar da ita ta wajen. A na biyun, iskar da ke isa ga taransiba ta riga ta bi ta kan babban guntun suwic da na'urar ba da wuta, ta zo da ɗuminta. Shi ya sa wani lokaci suwic iri ɗaya yake da doka biyu, gwargwadon fankar da aka saka masa.

Abin da masu ƙera suwic ke cewa

Kamfanin MikroTik na ƙasar Latbiya, wanda ya yi suna da ƙananan suwic marasa fanka, ya fitar da jagora ta musamman a kan taransibarsa S+RJ10. A ciki ya nuna tana cin wajen wat 2.7 a gudun gigabit 10, idan aka kwatanta da wat 0.8 na taransibarsa ta faiba, kuma tana iya kaiwa digiri 90. Shawararsa ita ce kada a jera su kusa da juna, a riƙa tsallake gurbi ɗaya, kuma a na'urorin da ba su da fanka a samar da ƙarin sanyaya. Digiri 90 zafi ne da ke ƙona hannu, don haka ana jan taransibar ne ta mariƙinta, a bar ta ta huce.

Cisco na sayar da SFP-10G-T-X a kan wat 2.5 da mita 30, kuma a jerin suwic ɗinsa na Nexus akwai ƙa'idojin da ke fayyace ƙofofin da za a iya saka ta, da abin da aka yarda a saka a gurbin da ke kusa da ita. Sauran manyan kamfanoni ma suna da irin wannan jadawali, kuma yakan bambanta daga samfuri zuwa samfuri. Wasu suwic ba sa kunna taransibar ko kaɗan idan sun gane ta. Wannan ne ya sa wasu masu ƙera taransiba masu araha ke rubuta mata bayanin ciki da zai sa suwic ya ɗauke ta a matsayin ta faiba. Dabarar tana sa layi ya tashi, amma tana rufe wa suwic ido: zai yi lissafin wuta da gudun fanka a kan abin da ba shi ne ke cikinsa ba.

Alamomi da aunawa

Taransibar da zafi ya yi wa yawa ba ta cika mutuwa nan take ba. Da farko kurakuran bayanai ne ke ƙaruwa a ƙofar. Daga nan layi ya riƙa yankewa yana dawowa, kuma kowace dawowa tana cin daƙiƙoƙi, domin 10GBASE-T sai ta sake auna kebul kafin ta fara aiki. Wani lokaci gudun ya sauka zuwa gigabit 5 ko 2.5 da kansa. Wasu suwic suna kashe ƙofar idan ta kai wani mataki su jira ta huce. Abin da ke ruɗar ma'aikata shi ne matsalar tana bin lokaci: lafiya lau da safe, yankewa da rana tsaka, ko kuma bayan an rufe ƙofar kabad. Sau da yawa kebul ake zargi a canza shi, alhali ba laifinsa ba ne. Ko da ba ta yanke ba, zama cikin zafi na rage kwanan kayan lantarki. Ƙiyasin da injiniyoyi ke amfani da shi a baki shi ne duk ƙarin digiri 10 na iya rage kwana da rabi, ko da yake wannan awon gaggawa ne ba doka ba.

Takardar SFF-8472 ce ta tsara yadda taransiba ke ba da rahoton zafinta da ƙarfin wutarta, kuma a Linux ana karanta shi da umarnin ethtool. Sai dai an rubuta ta ne da faiba a zuciya. Taransibobin jan ƙarfe da yawa ba sa ba da rahoton komai, wasu kuma suna nuna lamba ɗaya da ba ta motsi. Waɗanda ke bayarwa ma, galibi zafin cikin guntun suke faɗa, wanda ya fi na gangar jiki. Saboda haka ganin digiri 75 a allo ba lallai ne yana nufin an ƙetare iyakar 70 ba, sai an san a ina aka auna.

A ƙasashe masu zafi

Ƙungiyar injiniyoyin sanyaya gine-gine ta Amurka, ASHRAE, ta ba da shawarar iskar da ke shiga kayan cibiyar bayanai ta kasance tsakanin digiri 18 da 27, kuma a irin wannan yanayi ake yin yawancin gwaje-gwaje. Suwic da yawa an rubuta musu iyakar digiri 40 ko 45. A garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri da Yamai, zafin inuwa yakan haura digiri 40 a watan Afrilu, kuma kabad ɗin da aka rataye a ofis ko shagon intanet yakan fi ɗakin zafi. Idan wuta ta ɗauke, batir na ci gaba da riƙe suwic amma na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, to a nan ne taransibar jan ƙarfe ke fara faɗuwa tun kafin sauran kaya su ji a jikinsu. Ƙurar hunturu kuma tana toshe haƙoran ƙarfen zuƙe zafi da ramukan iska, ta rage sanyayar da aka yi lissafi da ita.

Madadinta

Idan na'urori biyu suna cikin kabad ɗaya kuma dukkansu suna da gurbin SFP+, DAC ya fi dacewa: yana kaiwa wajen mita 7, ya fi araha, kuma kusan ba ya zafi. Idan da nisa, faiba. Idan kuwa kwamfutoci da yawa ne masu ƙofar RJ45, suwic mai ƙofofin 10GBASE-T na asali ne amsar, domin a cikinsa guntun yana zaune a kan babban allo, da ƙarfen zuƙe zafi babba da iskar fanka a kansa. Taransibar jan ƙarfe ta fi amfani inda ƙofa ɗaya ko biyu kawai ake buƙata, kamar jona ma'ajiyar bayanai guda ko kebul ɗin da aka riga aka binne a bango. Ba ta kuma iya ba da wutar PoE ga kyamara ko na'urar Wi-Fi, domin gurbin ba shi da wutar da zai bayar.

Rage gudu ma hanya ce. Ƙa'idar 802.3bz ta 2016 ta kawo 2.5GBASE-T da 5GBASE-T, waɗanda ke amfani da dabarar 10GBASE-T a kan kwata ko rabin saurinta, kuma taransibar da aka tsayar a ɗaya daga cikinsu tana cin ƙasa da abin da take ci a gigabit 10. Sai dai ba kowane suwic ne ya san waɗannan gudu a gurbin SFP+ ba. A wasu, taransibar ce ke nuna wa suwic gigabit 10 ta ciki, tana riƙe bayanai tana sakinsu a hankali ta waje.

A shekarar 2016 ɗin dai IEEE ta amince da 802.3bq, wadda ta tanadi gigabit 25 da 40 a kan kebul ɗin Cat8 mai kan RJ45, har mita 30. Ƙa'idar tana nan a rubuce, amma kayanta kusan ba su shigo kasuwa ba. A gurbin SFP28 na gigabit 25, DAC da faiba ake sakawa.